Littafin Magatakarda: Aikin Solar Rijiyar Garinmu

Juma'a, 9 ga Yuni, 2023

Ana sallame sallar Juma'a Dagaci ya ce kada kowa ya watse, akwai magana. Kowa ya san maganar ruwa ce. Yau kwana 11 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kuma tun ranar janaretan da ke tura mana ruwa daga rijiyar burtsatse bai yi wunin kirki ba. Litar da muke saye naira 200 da 'yan kai ta haura 500 a gidan mai, a hannun 'yan bumburutu kuwa sai abin da bakinsu ya faɗa. Injin yana shan lita 6 kafin tanki ya cika. Karo-karon da ake yi duk mako bai isa man kwana uku ba yanzu. Mata da yara sun koma layin famfon tuƙa-tuƙa na firamare, wasu kuma sun koma tsohuwar rijiya da guga.

Wani yaronmu da ke ci-rani a Legas, ya zo ganin gida, shi ya ce a sa sola. Bai rufe baki ba wani dattijo ya ɗaga sandarsa ya nuna fitilun nan huɗu na bakin kasuwa, ya ce, "Ɗana, waɗancan ma sola ce." Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗi ba ce. Wani ɗan siyasa ne ya kafa su, suka yi shekara guda da 'yan watanni suna haske, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Biyu an kwance batiransu cikin dare, ɗaya tsuntsu ya yi sheƙa a kanta. Ba wanda ya tambaya, don ba wanda ya san ko ta wace ce.

An dai kafa kwamiti na mutum 9. Ni aka ba magatakarda, wai ni ne malamin makaranta, biro ba ya rabuwa da aljihuna. Wannan littafi shi ne aikina na farko.

Asabar, 22 ga Yuli, 2023

Zama uku muka yi a zauren Mai Unguwa ana cacar baki kan abin da za a fara da shi. Samari na son gidan kallon ƙwallo da wurin cajin waya. Wasu na cewa masallaci, saboda lasifika da fanka. Ma'aikacin ɗakin shan magani ya ce shi da tocilan a baki yake ɗinke rauni da dare. Duka gaskiya suka faɗa, kuɗin ne babu.

Shugabar ƙungiyar mata ce ta raba gardamar. Ta bakin ƙofa take zaune, ba ta ce uffan ba sai da aka gaji, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, duk wanda ya yi magana a nan da ruwan da muka ɗebo ya yi alwala ya zo." Shi ke nan. Ruwa ne farko, asibiti na biye, sauran su jira.

A makon nan lita ta kai naira 617 a Abuja, in ji rediyo. Mun kashe janareta gaba ɗaya, sai ranar biki ko rasuwa.

Juma'a, 15 ga Satumba, 2023

Ni da ma'aji da wani yaro mai gyaran rediyo muka je Kano ganin kaya. Gani ya kori ji. Na tafi da tunanin sola abu ɗaya ce, na dawo da ciwon kai.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne famfon ruwa ba ya buƙatar batir. Farantai su kama rana, wata na'ura da suke kira kwanturola ta daidaita wutar, sumo da ke can ƙasan rijiya ya turo ruwa sama. In rana ta faɗi ya tsaya, amma tanki ya riga ya cika. Wani mai shago ya ce mana, "Malam, tankinku shi ne batirinku." Wannan kalma ta rage mana kusan rabin abin da muka ɗauka za mu kashe, kuma ta cire mana abin da ya fi saurin mutuwa da saurin shiga idon ɓarawo.

Abin da ya ɗaga mini hankali kuma shi ne farantan. A shago ɗaya aka nuna mana guda biyu, kowanne an manna masa takarda a baya an rubuta wat 550, amma ɗaya ya fi ɗaya girma da nauyi a fili, kuma kuɗinsu da tazara. Yaronmu ya roƙi a fitar da su rana, ya ɗora na'urar gwajinsa. Ƙaramin bai ko kusa ba. Mai shagon bai ji kunya ba, cewa ya yi kowa da aljihunsa. Mun rubuta doka ta farko a cikin mota: ba za mu biya kuɗin faranti ba sai an gwada shi a rana a gabanmu.

Kafin mu kamo hanya muka bi ta sabon mazaunin Jami'ar Bayero, don a nuna wa ma'aji filin farantan da aka ƙaddamar a 2019, mai megawat 7.1. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "To in jami'a ta yarda da abin nan, ni wane ne." Ma'aji ne mafi taurin kai a cikinmu, don haka kuɗin motar bai tafi a banza ba.

Asabar, 18 ga Nuwamba, 2023

Kaka ta yi, kuma da gangan muka jira ta. Da mun nemi kuɗi a watan Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, da zagi za mu kwasa. An yanka wa kowane magidanci tiya biyar ta gero ko kwatankwacinta a riɗi ko zoɓo, mai hali ya ƙara, gwauruwa da marasa ƙarfi an ɗauke musu. Ɗakin ajiyar makaranta ya cika da buhuna, ni da ma'aji muna awo, yara na ɗinki. Ƙungiyar mata ta kawo kwasar adashinta guda cur. Fulanin rugar gabas, waɗanda shanunsu ma za su sha, sun kawo ɗan maraƙi. An kai shi Maigatari ranar Alhamis, sai dai kasuwar ba ta da armashi tun da aka rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kuma bai yi kuɗin da muka sa rai ba.

'Yan ci-raninmu na Legas da Fatakwal sun buɗe zaure a WhatsApp suna turo nasu. Sharaɗinsu ɗaya, duk abin da ya shigo a ɗauki hoton shafin littafi a tura musu. Da farko na ji haushi, kamar ana zargina. Daga baya na ga hakan ya fi mini kwanciyar hankali. Yanzu duk Juma'a ina karanta lissafi a ƙofar masallaci, in manna kwafi a jikin bango.

Mun kuma kira masu haƙar rijiya suka gwada ƙarfin ruwanta na tsawon wuni. Sun ce za ta ɗauki sumo mai ƙarfin doki biyu ba tare da ta ƙafe ba. Wannan gwaji ya ci kuɗi har wasu suka yi gunaguni, amma sayen sumo ba tare da shi ba kamar ɗinka wa yaro riga ne ba a gan shi ba.

Asabar, 20 ga Janairu, 2024

Dala na gudu, muna bin ta da ƙafa. Farashin da aka ba mu a Satumba ya zama labari. Kayan sola kusan duka daga waje ake shigo da su, galibi daga Chana, don haka duk safiyar da naira ta faɗi sai mai shago ya goge allonsa. Shawararmu ta farko ita ce mu riƙe hatsin har bazara ya yi tsada. Mun sake lissafi muka ga faranti ya fi gero saurin hawa. Jiya muka sayar da komai, yau ma'aji ya tafi Kano da kuɗin a ɗaure a ƙugu. Faranti 6, sumo, kwanturola, waya. Tanki na biyu sai wani jiƙon.

Asabar, 24 ga Fabrairu, 2024

Ruwa ya zo ranar Laraba da hantsi.

Bari in rubuta yadda aka yi, don wanda zai gaje ni. Mai walda ya haɗa ƙarafan da farantai za su zauna a kai, tsayinsu ya fi mutum da hannu a miƙe, saboda awaki da ƙwallon yara. Ramuka da kwaɓin siminti da katangar waya duka aikin gayya ne, mata suka yi kunu da ɗanwake. Da aka zo ɗora farantai sai gardama ta tashi. Mutane suka ce a fuskantar da su gabas, ai daga can rana take fitowa. Mai haɗa solar, wani saurayi daga Haɗeja, ya ce kudu. Ya zana da tsinke a ƙasa: mu a nan Jigawa muna arewa da tsakiyar duniya da wajen digiri 12, saboda haka yawancin shekara rana ta kudu da mu take ratsawa, musamman da hunturu. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta ne kawai take ɗan leƙawa ta arewa. Liman ya ce wannan gaskiya ne, shi ma yana ganin haka a inuwar zawali. Da Liman ya faɗa sai kowa ya yarda. An ɗan karkata su kaɗan, yadda ruwan sama zai riƙa wanke su ya gangara.

Da aka murɗa makunni ba a ji komai ba. Mun saba da rurin janareta, sai shirun ya sa wasu suka fara kallon juna. Can sai bututu ya yi tari, ya tofar da jan ruwa, sannan fari. Wata tsohuwa ta tara hannu ta sha, ta juya ta tambaye ni, "Malam, ina injin yake?" Na nuna mata sama. Ta yi guɗa.

Dala ta wuce naira 1,500 a watan nan. Da mun jira bazara da faranti huɗu ma ba za mu samu ba.

Litinin, 25 ga Maris, 2024 (15 ga Ramadan)

Wannan ne mako mafi wuya tun da muka fara, kuma ba na'ura ce ta jawo shi ba.

Kwamiti ya yanke a riƙa biyan naira 10 kan kowace jarka mai lita 25. Aka ce ba a san wannan ba. Wani da ya ba da buhu guda na riɗi ya tare ni a hanyar makaranta, ya ce, "Malam, da can kun ce kuɗin mai ne. Yanzu rana kuke saye? Rana ta Allah ce." Kwana biyu mata suna ɗiba ba biya, yaron da muka sa karɓar kuɗi ya ajiye gwangwaninsa ya tafi gida da kuka.

Ban ga laifin mutumin ba gaba ɗaya. Ya ba da dukiyarsa, kuma an yi ta gaya masa sola kyauta ce. Mu ma mun faɗi haka lokacin neman gudummawa, don ya fi daɗin faɗa. Kuskurenmu ke nan. Ranar kyauta ce, amma sumo yana da shekarun da zai yi ya gaji, kwanturola na ƙonewa, kan famfo na lalacewa duk wata, mai gadi kuma yana da iyali.

Bayan tafsiri Dagaci ya tara mutane. Ban yi dogon bayani ba. Na roƙi a biyo ni, muka taka har bakin kasuwa, gindin matattun fitilun nan. Na ce batirin kowace a cikinsu bai fi kuɗin tunkiya ba a lokacin da ya mutu, amma babu asusun da za a ciro kuɗin tunkiyar, kuma wanda ya kafa ya riga ya ci zaɓensa. Dattijon da ya fara nuna su da sanda a bara shi ya karɓe zancen, ya ce shi dai ba zai so a nuna rijiyar nan da sanda ba. Aka tambayi Liman ko ya halatta a sayar da ruwan da jama'a suka haɗa. Ya ce ba ruwan ake sayarwa ba, hidimar fito da shi ake ɗauka, kamar yadda ɗan garuwa ba kogi yake sayar maka ba.

Abin da aka tsayar: naira 10 na nan. Gidaje 14 da Mai Unguwa ya lissafa na marasa ƙarfi suna da jarka huɗu kullum kyauta. Masallaci, makaranta da ɗakin shan magani ba sa biya. Masu shanu su biya a wata. Kuɗin kuma ba zai kwana a hannun namiji ba, in ji matan, kuma suka yi nasara. Su ke karɓa, su ke riƙe akwati, makulli ɗaya a wurin shugabarsu, ɗaya a wurin ma'aji, ba a buɗewa sai su biyun suna nan. Duk ƙarshen wata a kai banki, a asusu mai sa hannun mutum uku.

Asabar, 11 ga Mayu, 2024

Ruwa ya ragu, tanki ba ya cika sai bayan la'asar. Aka fara cewa an sayo mana jabu. Yaronmu mai gyaran rediyo ya hau tsani, ya ja yatsa a kan faranti, ya sauko ya nuna mana. Ƙura ce ta yi kauri kamar an barbaɗa gari, ga kashin tsuntsaye. Tun da aka ɗora su ba wanda ya wanke, kowa na ganin aikin wani ne. An wanke da tsumma mai laushi da ruwa zalla, washegari tanki ya cika kafin azahar.

Na kuma koyi abin da ban zata ba, wai zafi ba abokin faranti ba ne. Haske yake so. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa a ma'aunin zafi 25 aka auna shi, kuma a rana irin ta Mayu gilashin kan haura 60, sai ya yi asarar fiye da kashi 10 cikin 100. Shi ya sa ba a manna shi da kwano, ana barin iska ta ratsa ta ƙasa. Shi ya sa kuma ba a watsa masa ruwan sanyi da tsakar rana.

An sa 'yan aji shida su riƙa wanki Litinin da Alhamis da sassafe, biyu-biyu, ana ba su kuɗin ƙosai daga asusu.

Asabar, 6 ga Yuli, 2024

Daren Talata aka yi ruwa da tsawa, da safe kwanturola ta mutu, tana warin ƙonannen roba.

Laifin nan nawa ne, kuma na faɗa a gaban kwamiti. A watan Fabrairu mai haɗawa ya rubuta ƙarfen tagulla da za a binne a ƙasa da na'urar kare tsawa. Kuɗi ya yi mana kaɗan, na dubi takardar na ga su ne abin da ba a ganin aikinsu, na ce a bari sai gaba. Ya ce, "Malam, damina fa na zuwa." Na ce Allah zai tsare. To Allah Ya tsare farantai da sumo, amma kwanturola ta tafi, kuma kuɗinta ya ninka na abin da na hana saye sau da yawa.

Kwana huɗu muka yi babu ruwa. A na biyar aka buɗe asusu, aka sayo sabuwa, aka binne ƙarfen, ba a je ƙofar kowa roƙo ba. Mutumin nan mai buhun riɗi yana cikin masu haƙa ramin. Bai ce mini komai ba, ni ma ban ce masa ba.

Asabar, 31 ga Agusta, 2024

Wata ne na hadari, wani lokaci kwana uku ba a ga rana sosai ba. Sumo na juyawa a hankali, ruwa rabin na da. Da sauƙi tunda kowa na tarar ruwan sama. Ambaliya ta yi ɓarna a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan, mu ma gidajen ƙasa bakwai sun zube a unguwar gangare. Ba a yi zaman kwamiti ba. Tanki na biyu dai dole ne kafin baɗi.

Lahadi, 27 ga Oktoba, 2024

Watan nan ya zo da nauyi. Daren 15 ga wata tankar mai ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, mutane suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Mun yi musu addu'a a masallaci. A hanyar gida ba wanda ya yi magana, amma kowa ya san lita ta haura naira 1,000, kuma kowa ya san abin da ke sa mutum ya ruga da bokiti wurin da ya kamata ya guje wa.

Sai kuma duhu. Kusan mako guda ke nan yawancin Arewa babu wuta. An ce an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ke biyowa ta Ugwuaji da Apir shi ma ya samu matsala. Mu da turakun wuta ba su taɓa isowa garinmu ba, ba mu ga bambanci ba, sai a baƙin da muke yi. Ƙanina da ke birni, wanda kullum yake mana tsiyar ƙauyanci, ya turo matarsa da yara su kwana biyu, wai jarkar ruwa ta gagare su saye. 'Yan garuwa daga garin da ke kan titi suna zuwa da kura tun asuba. Kwamiti ya yanke musu naira 30, kuma sai 'yan gari sun gama ɗiba. Wasu sun ce mu tsawwala tunda sun matsu. Shugabar mata ta ce a'a, maƙwabtaka ta fi kwana goma.

Kuɗin da aka samu a makon nan kaɗai ya kusa na wata guda. An ware shi don asibiti.

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Ɗakin shan magani ya samu wuta: faranti 2, inbata ƙarama (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida), batir ɗaya, ƙwai 8, fanka 2, da wurin caji.

A kan batir muka daɗe. Na ruwa, mai dalma, ya fi araha nesa ba kusa ba, amma ba a son a zuƙe shi fiye da rabi, yana son a riƙa ƙara masa ruwan batir, kuma zafin ƙasar nan yana gajarta masa kwana. Na litiyam ya fi tsada, ya fi daɗewa, ba ya son hidima. Ma'aji, wanda a da ko sisi sai an yi dambe da shi, shi ya ce a sayi litiyam, araha ba ta ado. Tsawar Yuli ta yi mana karatu duka. An gina masa ɗan ɗaki da bulo da ƙofar ƙarfe da tagogin iska, makulli a hannun ma'aikacin asibiti.

Mun so sayen firji don allurar rigakafi, ma'aikacin ya hana. Ya ce rigakafi tsakanin ma'aunin sanyi 2 zuwa 8 ake ajiye shi, firjin gida kuwa yana iya daskarar da shi ya lalace ba a sani ba. Akwai na musamman mai aiki da sola kai tsaye, kuma ta hannun hukumar lafiya yake zuwa. Mun rubuta takardar roƙo, Dagaci ya sa hannu.

Daren Laraba aka yi haihuwar farko a ƙarƙashin ƙwan. Ungozoma ta gaya wa matata cewa shekara 20 tana karɓar haihuwa, bana ne ta fara ganin fuskar jariri sosai kafin gari ya waye. Mace aka samu.

Matsala ɗaya: maƙwabta sun gano akwai soket. Ranar Juma'a aka tarar da waya 23 a jone, har da wata mai dutsen guga a zani. Dutsen guga ɗaya yana jan abin da ya fi ƙwai 8 ɗin nan sau goma. An hana. Cajin waya naira 50, da rana kawai, kuɗin na asusun batir.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Wasu mutum uku daga wani kamfani sun zo da takardu suna ƙirga gidaje da shaguna da injinan niƙa. Suna duba ko garinmu zai ɗauki ƙaramar tashar sola mai raba wuta gida-gida da mita. Sun ambaci shirin DARES na faɗaɗa wutar sola, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 dominsa a Disamba 2023, Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, REA, ke gudanar da shi. Irin wannan tasha ba sabon abu ba ne, tun 2019 aka buɗe ta Rokota a jihar Neja. Kamfani ke kafawa da tallafi, jama'a su ba da fili su sa hannu a yarjejeniya, kowa ya sayi wuta gwargwadon aljihunsa.

Abin da na lura, ba yawan gidaje ya fi damunsu ba. Tambayarsu ita ce wa zai ja wuta da rana: masu niƙa, mai walda, masu ƙanƙara, teloli, masu ban-ruwa a fadama. Ƙwan ɗaki da cajin waya ba sa riƙe tasha. Sai tambaya ta biyu, wadda babbansu ya yi yana kallon Dagaci: mutanen nan suna biya kuwa? Ma'aji bai ce komai ba, ya miƙa masa littafin asusun ruwa. Mutumin ya yi ta buɗa shafi yana ɗaukar hoto, har da shafin Yuli inda na rubuta laifina.

Ba su yi alkawari ba, mu ma ba mu yi ba. Na gaya wa kwamiti kada a sa hannu a komai sai mun ji kuɗin wutar a rubuce, da wanda zai gyara in ta lalace da cikin kwana nawa, da abin da zai faru da filinmu in kamfanin ya tattara ya tafi. Masu niƙa uku sun fi kowa zumuɗi, dizal ya cinye musu riba. Sai dai injinansu na dizal ne, komawa na lantarki wani kuɗin ne, kuma ba wanda ya faɗi inda zai fito.

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

An yi sallah lafiya. Azumin bana ba a yi layin ruwa ba, tanki na biyu ya hau tun kafin a ga wata.

Zaman yau na lissafin shekara ne. An ƙara jarka zuwa naira 20, saboda kan famfo da bututu da albashin mai gadi duka sun tashi, kuma mai haɗa solar ya ce mu fara tara kuɗin sabon sumo tun wannan yana da rai. An yi gunaguni, amma ba wanda ya ce rana ta Allah ce. Gidajen da ake ɗauke wa sun zama 16.

Yaronmu mai gyaran rediyo zai tafi Haɗeja wata uku koyon haɗa sola a wurin saurayin nan, asusu zai biya rabi, mahaifinsa rabi, da sharaɗin ya dawo ya yi mana shekara biyu. 'Yan mata biyu da suka gama sakandare sun ce su ma suna so. Iyayen ɗaya sun yarda in za a zo a koyar a nan.

Takardar firjin rigakafi shiru har yanzu, Mai Unguwa zai sake bi ranar Talata. Mutanen kamfani ba su dawo ba. Garuruwa biyu na maƙwabta sun aiko a ara musu dokokin asusunmu, na kwafa musu da hannu.

Saura fitilun bakin kasuwa. Samari sun kwance ɗaya sun duba, farantinta lafiya lau, batir ne kawai da ƙwai. Sun ce za su gyara biyu da kuɗin ƙungiyarsu in masu shayi da mai tsire za su riƙa ba da naira 100 duk ranar kasuwa. Mai tsire ya yarda. Masu shayi sun ce sai sun yi shawara, za su ba da amsa Juma'a mai zuwa.